Miyar Albasa da Baba na Ƙasa

Takarda ta farko da aka taɓa turo mana ta ƙarƙashin ƙofa a ƙasar Faransa ba ta maraba ba ce. Sati uku ke nan da tarewarmu a wani tsohon bene mai hawa huɗu a gefen Paris, muka tashi da safe muka tarar da ita a kan tabarmar goge ƙafa. An yi ta da shuɗin biro, rubutu tsaf irin na mutanen da suka yi makaranta a zamanin da ake dukan yatsa a kan harafi. Layi uku ne kacal. Abin da suke cewa: warin girkinku yana saukowa har ɗakina, a daure a riƙa buɗe taga. Daren da ya wuce miyar kuka muka yi, da daddawar da muka ƙunshe a leda uku kafin mu hau jirgi a Yamai.

Mai takardar wani dattijo ne da ke hawan ƙasa shi da matarsa. A gaban idonsa Mushe muke ce masa, kamar yadda mutanen Nijar ke kiran duk wani mai girma da Faransanci (mun san mutanen Kano za su yi dariya, mu ma a watan nan ba mu ƙi ɗaya ma'anar ba). A tsakaninmu kuwa Baba na ƙasa ne. Shekara biyu muka yi muna gaisuwar baki ɗaya a matattakala. Da ƙaramar salla muka kai musu dambun shinkafa da soyayyar kaza, washegari kwanon ya dawo a wanke tas, matar ta yi godiya, ta ce yajin ya fi ƙarfinsu. Daga nan ba mu ƙara ba.

Matar ta rasu a watan Oktoba. A watan Disamba shi kuma ya zame a banɗaki ya karya ƙugu, ya yi makonni a asibiti. Da aka dawo da shi sai muka ga mutum ya koma rabi. 'Yarsu ɗaya ce, tana aiki a wani gari mai nisan awa huɗu a jirgin ƙasa, ranar Asabar take zuwa ta koma Lahadi. Wata Lahadi muka haɗu da ita wajen zubar da shara, jakar hannunta cike da robobin abincin da ake kawo masa daga hukumar gari, ko buɗe su ba a yi ba. Muka yi mata ta'aziyya karo na biyu don ba mu san abin da za mu ce ba. Ita ce ta ce likita ya yi magana: in nauyinsa ya ci gaba da raguwa, dole a kai shi gidan kula da tsofaffi. Sai ta ɗan yi murmushi ta ce, “Miyar albasar mahaifiyata kawai yake tambaya. Ni kuma ban taɓa tsayawa na koya ba.”

Muka hau sama shiru. Dukanmu biyu tunani ɗaya muke yi, ba kuma na Baba na ƙasa ba ne. Inna muke tunani, mahaifiyar maigida, wadda ke zaune ita kaɗai a ƙauye kusa da Galmi tun rasuwar Malam. Kuɗi muke turawa duk wata. Amma wanda ke ɗebo mata ruwa, da wadda ke leƙa ta da asuba ta ga ko ta tashi lafiya, da yarinyar da ke kawo mata kwanon tuwo da daddare, duk 'ya'yan maƙwabta ne. Ba mu taɓa biyan su ko dala ba, kuma da mun gwada da sun ɗauka zagi ne.

To, miyar albasa. Mun san sunanta a takardar jerin abinci, ba mu taɓa sa ta a baki ba, domin yawancin gidajen abinci da giyar inabi suke haɗa ta. Ba miyar tuwo ba ce, ta sha ce da cokali. A taƙaice: albasa mai yawa a soya ta a man shanu a hankali har ta yi ja wur kamar dabino, a zuba romon nama, a ɗora gasasshen burodi a sama, a rufe shi da cuku, a sa a obin cukun ya narke ya ɗan ƙone. Akwai tatsuniyar da ake yi cewa Sarki Louis na 15 ne ya ƙirƙiro ta wani dare a ɗakin farauta da bai sami komai ba sai albasa da man shanu da giya. Mu dai ba mu taɓa ganin sarkin da ya yanka albasa da hannunsa ba. Inda miyar ta yi suna da gaske shi ne Les Halles, babbar kasuwar abinci ta tsakiyar Paris, wadda marubuci Emile Zola ya kira cikin Paris, har ya ba littafinsa na 1873 wannan suna. Kasuwar dare ce. 'Yan dako da mahauta sukan sha miyar kafin gari ya waye, masu kuɗin da suka fito daga shagali su zauna kusa da su da tufafin biki su sha irinta. A 1969 aka tashi kasuwar aka mai da ita Rungis, kudu da birnin.

Daren Litinin muka yi gwajin farko a tukunyar ƙarfe a kan wuta. Bayanin da muka samo a intanet ya ce minti 15 albasa ta yi ja. Ƙarya ce tsagwaronta. Minti 15 albasa ta yi laushi kawai, fara fat. Daga baya muka ga ba mu kaɗai aka yaudara ba, wani ɗan jarida Ba'amurke, Tom Scocca, ya yi dogon rubutu a mujallar Slate a 2012 yana tuhumar marubutan girki da wannan ƙarya. Gaskiyar lissafin ita ce minti 45 zuwa awa guda, kana tsaye, kana juyawa. Mu kuwa ba mu da awa guda ta tsayuwa. Mai wannan rubutu manhaja yake rubutawa, kuma abokan aikinsa rabi suna Amurka, lokacin da Paris ke ɗora tukunyar dare su hantsinsu ne. Uwargida tana aikin kwana sau uku a mako. A minti na 30 aka kira taro, wai wani abu ya tsaya a saba, kwastomomi ba su iya biya. Da muka dawo kicin ƙasan tukunya ya yi baƙi, albasa ta yi ɗaci, na'urar jin hayaƙi tana ihu. Muka buɗe taga, kamar yadda aka taɓa roƙon mu.

Duk wanda ya karanta ilimin kwamfuta yana da wata cuta: in ya ga aikin da ke bukatar mutum ya tsaya yana maimaita abu ɗaya, ransa ba ya kwanciya sai ya ɗora wa inji. A wurin aiki ayyuka masu cin lokaci cikin dare muke sa wa kwamfuta, mu tashi mu tarar an gama. Sai muka tuna da tukunyar lantarkin nan mai dafuwa a hankali da wata abokiyar aiki ta bar mana da za ta koma ƙasarsu, tana saman kabad tun bara. Faransawa mijoteuse suke ce mata. Kasko ne na tangaran mai kauri, zaune cikin gida na ƙarfe mai ɗumama shi, da murfin gilashi. Maɓallinta uku ne: ƙasa, sama, ɗumi. Wutar da take ci ba ta kai ta dutsen guga ba ko kusa.

Asalinta ma ya ba mu sha'awa. Wani Ba'amurke ne, Irving Naxon, ya sami takardar mallakar ƙirarta a 1940. Mahaifiyarsa ce ta ba shi labarin yadda Yahudawan garinsu a Lituwaniya ke kai tukunyar wake gidan burodi ranar Juma'a da yamma, ta kwana a sauran zafin tanda, tunda ba su hura wuta ranar Asabar. Kamfanin Rival ya saye nasa a 1970, ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971. Duk wanda ya taɓa ganin an bar ƙafar sa ta kwana a kan garwashi daren salla ya san dabarar, wayar lantarki kawai aka ƙara.

Muka yanka albasa kilo biyu. Kuka muka sha har da majina. Albasa in an yanka ta wani sinadari mai ƙibiritu take saki, ya taɓa ruwan ido ya yi zafi, kuma ba mu ga dabarar da ta fi wuƙa mai kaifi ba. Muka zuba a kaskon har baki, da man shanu da gishiri, muka rufe, muka murɗa zuwa ƙasa, muka kwanta muna jin mun fi Faransawa wayo.

Da safe abin da muka tarar ba shi da kyan gani. Albasa ta zube ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, tana iyo cikin ruwanta, launin ƙasa-ƙasa mai dishi-dishi. Muka ƙara ruwa da dunƙule biyu, muka ɗanɗana. Zaƙi kamar an zuba sukari, ga gishirin dunƙule a sama, ba wani abu a ƙasa. Uwargida ta ajiye cokali ta ce ko mara lafiyan da ta tsana ba za ta ba wannan ba.

A sana'armu in abu ya lalace ba ka canza komai da komai lokaci guda, abu ɗaya kake taɓawa ka sake gwadawa. Sai dai a manhaja gwaji daƙiƙa goma ne, a nan awa goma sha biyu ne da kilo biyu na albasa. Muka buɗe shafi a kwamfuta muna rubuta abin da muka sa da abin da ya fito. Mai kantin kayan miya na kusurwa, wani ɗan Maroko, a rana ta huɗu ya tambaye mu ko biki za mu yi.

Babbar matsalar ruwa ce. Kusan kashi 90 cikin 100 na albasa ruwa ne. A kan wuta ruwan yana tashi ya tafi, zafi ya hau, sukarin albasar da sinadaran gina jiki su haɗu su ba da launin nan da ƙamshin nan. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayyana wannan haɗuwa a 1912, ita ce kuma ke sa tsire da ɓawon burodi su yi ja. A tukunyar lantarki kuwa murfi yana rufe, tururi ya hau ya sauko, zafin bai wuce na tafasar ruwa ba. Haɗuwar tana faruwa, amma tafiyar hawainiya take yi, kuma in ruwa ya yi yawa ɗanɗanon ya salance. Maganin ba wani abin alfahari ba ne: bayan awa goma sai a zame murfin a bar kafa kamar faɗin yatsa biyu, a murɗa zuwa sama, a ƙara awa biyu ko uku ana ɗan juyawa. A nan ne launin ke sauka daga ruwan ƙasa zuwa na dabino. Wato dai injin ya ɗauke mana tsayuwa, bai ɗauke mana tashi da asuba ba.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Yanka daga kai zuwa gindi ya fi yankan zobe, don albasar ba ta narkewa ta zama kunu. Albasa mai ɓawon ruwan ɗorawa ta fi, jar albasa tana ba miyar launin toka. Wannan ya ɗan sosa mana rai, domin ta Galmi da duk Afirka ta Yamma ke yabo shuɗiya-ja ce, kuma ita ta biya kuɗin makarantar mai wannan rubutu tun daga firamare har jami'ar Yamai. Dunƙule muka jefar, muka sayo ƙashi da jelar sa wurin mahaucin halal, muka gasa su a obin har suka yi ja, muka dafa romo da ganyen lore da tayim. A madadin giya, cokali ɗaya na ruwan khal na tuffa a ƙarshe, don ya karya zaƙin.

Muka aika wa Inna hoto ta WhatsApp ta wayar yaron maƙwabta. Amsar murya ta zo da dariya a gaba. “Albasa zalla? Ina tuwon? Wannan ai abincin ƙarshen rani ne, lokacin da ba a sami mai saye ba ta fara ruɓewa a rudu.” Rudu shi ne rumbun ciyawa da ake ajiye albasa a wajenmu ana jiran farashi ya tashi. Sai ta juya kan ɗanta. “Ubanka shekara talatin yana ban ruwa da daddare, kai ka ce ba za ka taɓa albasa ba, kwamfuta za ka yi. Mutane suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ga shi ka tafi ƙasar Nasara kana kwana da ita.” Da muka gaya mata ko don wa ake yi, sai muryarta ta sauya. Ta tambayi shekarunsa. Ta ce a rage gishiri, a kuma tabbata burodin ya jiƙa sosai saboda haƙori. “Kuma kada ku aika masa ku juya. Ku zauna har ya ci. Tsoho ba ya cin abinci shi kaɗai, kallonsa yake.”

Gwaji na biyar daren Laraba muka ɗora shi. Abin da ba mu saka cikin lissafi ba shi ne wari. Albasar da ta kwana tana dahuwa ba ta barin komai, ta shiga labule, ta shiga tufafi, ta bi ƙarƙashin ƙofa ta cika matattakala daga sama har ƙasa. Ƙarfe biyar da rabi muka tashi salla muka zame murfi, muka kalli juna. Takarda ta biyu muke jira.

Wajen ƙarfe shida muka ji bugu daga ƙasa, sanda ce ake dukan bututun ɗumama ɗaki da ita. Muka sauka mu biyu da kalmomin ban haƙuri a baki. Ƙofarsa a buɗe, yana tsaye riƙe da ƙarfen tafiya, rigar barci ta yi masa yawa.

“Wa ke yin miya a wannan lokaci?”

“Mu ne, Mushe. A yi haƙuri, yanzu za mu buɗe taga.”

“Wa ya ce ku buɗe?”

Ya ce ya farka bai san inda yake ba. Ya zaci 1962 ne kuma ya makara. Sai a ranar muka san cewa ɗan dako ne a Les Halles tun yana saurayi, kurar kayan lambu yake turawa daga tsakar dare har wayewar gari, kuma da aka koma Rungis ya bi kasuwar har ya yi ritaya. Shekara biyu muna hawa muna sauka ta gaban ƙofarsa.

Da azahar muka zuba romo lita ɗaya da rabi a kan albasar, muka bar ta awa uku. Baget ɗin shekaranjiya muka yanka muka gasa, don sabon burodi narkewa yake. Cukun Comté na tsaunukan Jura muka goga, wasu Gruyère suke sawa. Kaskon tukunyar ba ya shiga ƙarƙashin wutar obin, don haka muka zuba a kwanon da ke jure zafi, minti biyar cukun ya yi kumfa ya yi tabo-tabo. Muka naɗe da tawul muka sauka. Mai wannan rubutu ya rubuta wa abokan aiki cewa yana da uzuri na awa guda, bai faɗi ko na mene ne ba.

Ya fasa cukun da gefen cokali, ya hura, ya kai baki. Ya daɗe bai ce komai ba.

“Babu giya a ciki.”

“Babu, Mushe. Ba ma taɓa ta.”

“Ita ma ba ta sawa.” Ya ƙara cokali. “Romon nama kuma sai ranar Lahadi. Sauran ranaku ruwan famfo ne. Ku kun yi ta masu kuɗi.”

Muka tuna da jelar sa da awa shida na romo, ba mu ce uffan ba. Ya ce ba irin tata ba ce. Tata ta fi duhu, tana da ɗan ɗaci, domin tana barin ƙasan tukunya ya kama, ta zuba ruwa kaɗan ta kankare, ya sake kamawa ta sake kankarewa, sau uku ko huɗu. Wannan kuwa tangaran ba ya yi, ba ya kamu. Ya tambayi wa ya tsaya a kan wutar. Da muka kwatanta masa tukunyar sai ya girgiza kai, ya ce matarsa rediyo take kunnawa ta tsaya awa guda da cokalin katako, shi kuma ya zauna a kujerar can yana yi mata surutu, kuma duk maganar da ta taɓa zama magana a gidan nan a kan albasa aka yi ta. Bai ci gaba ba, mu ma ba mu tambaya ba. Muka zauna kamar yadda Inna ta ce. Ya cinye burodin, ya sha fiye da rabin romon, ya ce a rufe sauran a sa masa a firiji.

Yanzu mun ƙara mataki ɗaya. In albasar ta gama kwananta, sai mu juye ta a tukunyar ƙarfe mu ba ta minti goma sha biyar a kan wuta, ta kama mu kankare. Wannan matakin a kicin ɗinsa muke yin sa, da cokalin katakon marigayiyar, yana zaune a kujerar can yana gaya mana cewa mun yi saurin zuba ruwa. Wata rana uwargida ta kawo yajin daddawa a ɗan ƙaramin kwalba don namu kwanon. Ya karɓa ya sunsuna, ya ce ya gane shi, wannan ne. Ya barbaɗa kaɗan, ya yi tari, bai ƙara ba.

Nauyinsa ya daina sauka, amma bai hau sosai ba. 'Yar ba ta janye maganar gidan tsofaffi ba, ta sa ranar zuwa duba wani a watan Afrilu, kuma ba mu da bakin cewa kada ta yi. Miya sau ɗaya a mako ba ta ɗaga mutum in ya faɗi da tsakar dare. Ta dai ba mu makulli, da kwanuka biyu farare masu kan zaki a gefe, ta ce na miyar ne tun auren iyayenta.

Jiya da safe muka tarar da takarda a kan tabarmar goge ƙafa, shuɗin biro, rubutun ya ɗan fara rawa. Layi biyu ne. Alhamis ƙarfe ɗaya. A rage ruwan khal.